Takardar Siminti da Basilla

Ranar da Ummul Khairi ta dawo hutu daga Yamai, farkon damanar 2007, ubanta Ɗalha ne ya fita tarbarta a bakin titin Tsarnawa. Babbar motar ta tsaya, ta sauke mutum biyar, ta ja, shi kuwa yana nan yana ɗaga wuya yana leƙen tagogi. Sai da wata siririyar yarinya ta ja masa hannun riga.

"Baba, wa kake nema?"

Ya dube ta sama da ƙasa. Muryar tata ce, dariyar tata ce, amma rabin yarinyar da ya raka tasha wata tara da suka wuce babu shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiranta da wani suna ba. "Ke ce?"

"Ni ce mana, Baba."

Ya sunkuya ya ɗauki jakarta, ta kusa fizge masa kafaɗa. "Mi kika zubo ciki, duwatsun Yamai?"

"Takardu ne."

Ita ce ta farko a zuri'arsu da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta shiga jami'a, tana karatun aikin gona. Shi Ɗalha a aji shida ya tsaya da lakwal, wato makarantar boko, amma ya fito da abu guda da yake ci da shi har yau, wato hannun rubutu. Shekara ashirin da ɗoriya yana rubutun buhu a kasuwar albasa. Fatake su cika buhu, a ɗinke baki, shi ya bi da gwangwanin fenti yana sa sunan mai kaya da garin da za a kai, Abijan ko Akara ko Kwatano, da baƙaƙen da direba zai karanta daga ƙetaren titi. Duk wata yakan haɗa abin da ya samu ya ba Jaje direba ya kai mata. A ganinsa, kuɗin sun isa mutum ya ci ya ƙoshi.

Matarsa Lantana tana ganin ɗiyar ta dafe ƙirji.

"Maisuna! Ciwo kika yi ba ki faɗa ba?"

"Lafiyata lau, Inna."

"Lafiya lau da wuya kamar na zabuwa? Zauna nan."

Ta cika mata kwano da tuwon gero da miyar kuɓewa. Ɗalha yana gefe yana yi kamar murɗa rediyo yake, ya ga kwanon ya koma fes tun bai kama tasha guda ba. Bayan la'asar ya kira ta zaure.

"Uwata, saƙon da nake ba Jaje yana isowa?"

"Yana isowa, Baba. Ko dala ba ta taɓa ɓata ba."

"To ina yake shiga?"

Ta fara naɗe yatsu. Ɗaki, su huɗu ne a ciki, amma ranar biya ranar biya ce. Taksi, in za a haye gada zuwa gari. Sabulu, kananzir, gudunmawa in wata a cikinsu ta yi rashi. Sai fotokopi.

"Wanda ake yi wa katin ɗan ƙasa?"

"Shi. Amma mu darasi ne ɗungum. Babu littafin saye, malami zai ba da nashi guda, kowa ya kai a buga mishi. Shafi dala biyar."

"Abinci fa? Ban ji kin naɗe mishi yatsa ba."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Mai ɗaki ba ya jin gobe, Baba. Na'ura ma ba ta jin gobe. Ciki ne kaɗai nake ce wa ya jira, kuma ya jira. Ana sabawa. Gari da suga ma yana riƙe mutum."

Ɗalha ya sa ta buɗe jakar. Darussan shekara mai zuwa ne, kashi huɗu, ta aro wurin wata yayarsu ta aji na gaba, za ta mayar idan ta gama buga nata. Niyyarta ta buga su da kaɗan-kaɗan cikin kuɗin watanni uku na farko. Ya gane abin da kaɗan-kaɗan ɗin yake nufi. Wata uku ne na gari da suga.

Washegari ya ɗaure takardun a tsumma ya shiga motar Ƙonni, ya kai wa wani mai na'ura kusa da tasha, ko zai samu ragi. Mutumin ya juya kashi biyu na sama ya ce waɗannan za su fita. Da ya zo kan biyun ƙasa sai ya taɓe baki.

"Malam, wagga an buga ta daga wadda aka buga daga wadda aka buga. Dubi, kamar hayaƙi. In na sake sa ta, rabinta ba za a gani ba. 'Yan makaranta dai suna biya, su je su yi ta canke."

A hanyar komawa Ɗalha ya zaro shafi guda ya kusanto da shi ido. Faransancin ya fi ƙarfinsa nesa, kalma ɗaya cikin biyar yake ganewa. Amma baƙaƙen, ai su ne dai waɗanda yake shafawa a buhu tun kafin a haifi yarinyar. Mutum ba sai ya san Abijan ba kafin ya rubuta Abijan. Kafin motar ta iso Tsarnawa ya gama yanke shawara. Ya sauka ya sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi ɗari da bik biyu, irin biron 'yan makaranta.

Ummul Khairi tana fita tun safe zuwa gonakin noman rani na Ƙonni, inda take koyon aiki na hutu, ba ta dawowa sai yamma. Shi kuma da safe yana gonar gero, kasuwar albasa ta yi sanyi saboda damana. Daga azahar sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗora katako a cinya, ya duƙufa. Kwana huɗu ya cika kayen tun daga bango har bango. Ya kira Lantana ta zo ta ga aiki.

Lantana ba ta yi lakwal ba, amma shekara goma sha biyar tana saida ƙuli-ƙuli da mai. Ta juya shafukan tana gyaɗa kai.

"Ya yi kyau, Malam. Ko makaho ya karanta. Shafi nawa na yarinyar ka cinye a nan?"

"Tara."

"Kayen nawa ka saya?"

"Dala sittin."

"Mai na'ura kuma nawa zai amsa a shafi tara?"

Ɗalha ya lissafa da yatsu. Dala arba'in da biyar.

"Ban da bik," in ji Lantana. Ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana dariya har da share hawaye. "Wayyo ni! Ka yi kwana huɗu kana karya ƙugu don ka fi na'ura tsada! Kalma uku a layi, Malam? Ka ɗauka tirela za ta karanta?"

"To ke da kika iya, zo ki rubuta."

"Ni ban ce na iya ba. Na dai iya sanin ranar da na faɗi a ciniki."

Ya gwada ƙanƙanta hannun. Ya ɗan ragu, amma hannun da ya shekara ashirin yana cika buhu da kalma biyu ba ya komawa na ɗan makaranta a sati guda. Da ya saki jiki sai baƙaƙen su kumbura. Kwana biyu ya ajiye aikin yana ta tsaki shi kaɗai.

Ran nan da yamma ya biya wurin Rabo mai tsire ya sayo wa yarinyar tsinke uku, don ya ɗaura aniyar sai ya mayar mata da abin da Yamai ta ci. Rabo ya yago takarda daga wani tari da ke ƙarƙashin tebur ya naɗe naman. Ɗalha ya tsaya yana kallon tarin. Buhunan siminti ne da babu komai ciki, magina suke kawo wa Rabo daga Malbaza. Kowane buhu ruɓi uku ne, na waje mai tambari, na ciki mai gari, na tsakiya kuwa tas, faɗi kamar faifai biyu, ga kauri.

"Rabo, ba ni na tsakiyan nan."

"Wane? Ai shi ne na naɗe wa manyan mutane. Sufurefe ma da shi nake naɗe mishi."

"Allonka ya koɗe. Tun bara 'tsire' ya koma 'ire'. In sabunta maka shi da ja da fari, har da hoton rago."

Rabo ya leƙa allon nasa, ya sosa ƙeya. "Ragon ya yi ƙiba."

"Zai fi ka."

Haka aka shirya. Ɗalha ya riƙa kwaso na tsakiyan, ya kakkaɓe, ya goge da busasshen tsumma. Lantana, wadda ta gama dariyarta, ita ce ta zuba gawayi a dutsen guga ta bi su ɗaya bayan ɗaya har suka miƙe sumul, tana yi tana mita wai ko rigar angoncinsa ba ta sha guga haka ba. Ya ja layuka da gefen katako. A wannan fili hannunsa ya samu inda zai miƙe ƙafa. Ya bar kashi biyu masu kyau, ya ce waɗannan na'ura ta ci rabonta, ya sa gaba da biyun da suka zama hayaƙi, na ƙasar noma da na cututtukan shuka.

Inda rubutu ya ɓace ba ya canke. Yakan bar gurbi, ya maƙala tsinken tsintsiya a wurin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya naɗe abin da ya yi ya tafi gidan Mushe Hassane, wato Malam Hassane a bakin 'yan Faransanci, ma'aikacin gona, Bazabarme daga Doso, wanda Ummul Khairi take koyon aiki a hannunsa. Ran farko Hassane ya ɗaga shafin hayaƙin a rana, ya fashe da dariya.

"Malam Ɗalha, wannan darasi ni ma shi na karanta, shekara goma sha shida ke nan. Ina jin takardar nan jikar tawa ce."

"To ka san kakarta, sai ka faɗa mini abin da ta ce a nan."

Hassane ya riƙa cike gurabun da fensir, wani wuri da ka, wani wuri sai ya shiga ɗaki ya jawo tsohon kayensa daga akwati. Ɗalha ya koma gida ya bi da bik. Zane ne ya fi masa daɗi. Ga saiwar gero, ga ganyen wake mai tabo, ga tsutsar da ya sani tun yana yaro, ashe tana da suna mai tsawon kamu guda. Yakan zana ta da girmanta na gaskiya sau goma, har da gashin bayanta.

Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya fid da kai. Azumi ya kama, yana rubutu da busasshen maƙogwaro, bik na goma sha ɗaya ya ƙare, ɗan yatsansa ya yi kanta. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah ya kai aya ta ƙarshe. Ya jera shafukan, ya ɗauko basilla da zaren ɗinkin buhu, ya ɗinke gefe da irin ɗinkin da albasa take zuwa Abijan da shi ba ta zube ba. Littafi biyu suka fito, kowanne sai an rungume shi da hannu biyu.

Ummul Khairi ta san yana yi, amma ba ta taɓa ganin su a haɗe ba. Da ya ajiye mata su a tsakar gida ta yi dariya har ta durƙusa. Ta buɗe, ta bi layi da yatsa, ta karanta shafi guda a bayyane ba ta yi tuntuɓe ba. Ta yi godiya, ta sake yin godiya. Can kuma ta shiga auna faɗinsu da hannu.

"Baba, teburin ajinmu bai kai su ba."

"Sai ki sa a cinya."

"To," ta ce.

Wannan "to" ɗin ita ta tsaya masa a rai. Ya sa littattafan cikin sabon buhun albasa, ya ɗinke, ya rubuta UWATA, YAMAI da jan fenti, aka ɗora a saman mota. Amma tun motar ba ta ɓace ba ya fara ganin abin da idon 'yan birni. 'Ya'yan ma'aikata da fararen takardunsu, ga tasa ɗiyar da takardar naɗe tsire. Idan kunya ta kama ta, za ta tura su wani lungu ta je ta biya na'ura a ɓoye, kuma ya san daga wane yatsa kuɗin za su fito.

Wata biyu yana cikin wannan. Sau uku ta kira ta wayar Mushe Hassane, kowane kira bai fi minti guda ba saboda tsada.

"Kina cin abinci?"

"Ina ci, Baba."

Haka ta riƙa ce masa bara ma. Bai iya tambayar littattafan ba. Sau ɗaya har ya rubuta Akara a buhun Lome, sai da mai kaya ya yi masa magana.

Ana jibi babbar Sallah ya dawo daga kasuwa da hantsi, fenti har gwiwar hannu, tun daga zaure ya jiyo muryar Lantana tana tashi.

"Mika'ilu ya cuce ni! Atamfa mai tsada, ya ɗinka mini rigar 'yar tsana! Ɗaga hannun. A'a, kar ki ja, za ki ɓarke ta!"

Ya yi gyaran murya ya yi sallama. Sai ga Ummul Khairi ta fito daga ɗaki da mayafi, motar asuba ta biyo ba ta faɗa ba, rigar Sallah a hannunta. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ɗalha ya amsa, ya sake amsawa, ya rasa abin da zai yi da gwangwanin fentin, ya ajiye shi a kan turmi.

"Ba laifin tela ba ne, Inna," ta ce. "Awon kafin in tafi ne ya yi aiki da shi."

Ɗalha ya jawo kujera ya zauna. "Uwata, faɗa mini gaskiya. Littattafan nan."

"Sati biyu suna ƙarƙashin gado, Baba. Ba zan ɓoye maka ba."

Ya gyaɗa kai, ya dubi ƙasa.

"Sai ana saura kwana shida jarrabawar farko, wata ƙawata Sahiya, 'yar Damagaram, ta shigo tana ta tsaki. Ta biya kuɗinta, shafi bakwai a jere babu abin da ake gani. Na ji tausayinta, na jawo buhun. Ta ce, 'Ke, wannan mene ne, tabarma?' Ta buɗe don ta yi dariya. Baba, ba ta tashi ba sai da aka kira magariba. Washegari ta zo da mutum uku. Kafin sati mun zama tara."

"Ba su kai an buga musu ba?"

"Sun kai! Mutum biyu suka ɗauka kamar gawa. Ya fi gilashin na'urar faɗi, da aka lanƙwasa aka buga kuma, takardar ja ce, sai ya fito baƙi ƙirin. Mai na'urar ya ce su fitar mishi da shi kafin ya cinye mishi tawada. To ka ga, duk mai so sai ya zo inda littafi yake. Mu shimfiɗa shi ƙarƙashin bishiyar bedi, mu kewaye, har na tsaye a baya yana karantawa."

"Ka ji amfanin rubutun tirela," in ji Lantana.

"Mutum tara kuwa in sun zauna tun azahar, yunwa za ta zo. Sai aka fara haɗa kuɗin tukunya. Yau shinkafa da wake, gobe taliya, akwai wani ɗan Tilaberi da kawunsa masunci ne, ran Asabar da kifi yake zuwa. Ran farko na miƙa nawa, Sahiya ta buge mini hannu. Ta ce mai littafi ba ta biyan tukunya, wanda bai yarda ba ya koma ya karanta hayaƙinsa."

"Kullum?" Ɗalha ya tambaya.

"Kullum."

"Har Lahadi?"

"Lahadi ma sau biyu."

Ya shafa fuska da hannu, ya manta da fentin, ya bar jan layi a goshi. Ba wanda ya gaya masa.

"Amma Baba," ta ce tana danne dariya, "wa ya ce ka ƙara naka?"

"Nawa mi?"

"A darasin albasa. Inda aka ce a yanke mata ruwa kwana goma kafin a cire. Ka rubuta a gefe da Hausa, 'Mu a Tsarnawa sha biyar muke yi, in ana so ta daɗe a ajiye.'"

Ɗalha ya ji kunya ta rufe shi. "Hannu ne ya kuɓuce. Ban so a koya muku abin da zai ruɓar da kayan mutane ba. Ya ɓata wani abu?"

"Kwana biyu ana gardama a kai, har da masu buga ƙasa. Yanzu Mushe Siminti suke ce maka. Sun ce in gaishe ka, kuma in tambaye ka ko kana amsar aikin zango na biyu."

"Jarrabawar fa?"

"Sakamako bai fito ba tukuna."

"Allah ya ba da sa'a. Kawo rigar."

Bai ko wanke hannu ba. Shagon Mika'ilu tela cike yake da mata da 'yan mata, kowa tana jiran nata ɗinkin, keke yana ta kuka. Ɗalha ya ratsa su ya ajiye rigar a kan keken.

"Ta yi kaɗan," ya ce da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

Mika'ilu ya cire allura daga baki. "Haba Malam Ɗalha, jibi Sallah! Da hannuna na auna ɗiyar nan, ga shi a rubuce. Ni ba na kuskuren awo."

"Wa ya ce ka yi kuskure? Awonka daidai yake. Yarinyar ce ta ƙaru."

"A Yamai? 'Yan jami'a da nake gani suna dawowa kamar kara?"

"Ita dai ta ƙaru. Akwai saura a ciki ko babu?"

Mika'ilu ya juya rigar ya duba ɗinkin. "Akwai. Yatsa nawa zan saki?"

Ɗalha ya ɗaga yatsu uku masu fenti, ya dube su, ya ƙara ɗaya.

"Sa huɗu. Ba a ma yanka ragon ba tukuna."